Ɗan Ina-da-kisa a Shafin Littafi

A nan Unguwar Mu'azu, idan aka idar da sallar isha'i aka ɗauke wuta, majalisarmu takan koma bakin shagon cajin waya, inda ake tura fina-finai. A ƙarshen shekarar 2023 wani fim ya zagaya wayoyinmu, The Killer, na David Fincher. Da farko bai burge mu ba. Mun zaci za a yi ta ɓarin wuta, sai ga mutum zaune shi kaɗai a wani ɗaki a birnin Faris, yana leƙen taga kwana da kwanaki, yana zance da zuciyarsa, yana jiran wanda aka biya shi ya kashe. Wani ƙaninmu ya ce wannan ai ba jarumi ba ne, maigadi ne. Muka bushe da dariya. Sai daga baya muka gane cewa yaron ya taɓo ainihin zancen. Daga littafin zane aka ɗauko fim ɗin, kuma irin waɗannan littattafai suna da dogon tarihi, wanda wani reshensa ya ratso ta ƙasarmu.

A Amurka abin ya fara ƙarfi. A 1942 aka fara buga wata mujallar zane mai suna Crime Does Not Pay, wadda ke kawo labaran 'yan fashi da makasa. Sunanta wa'azi ne, ma'anarsa kusan ɗaya da tamu ta cewa ramin mugunta a gina shi gajere. Amma masu saye ba wa'azin suke bi ba, mugun suke bi, domin shi ne ke cika shafuka, hukuncinsa kuwa sai a shafin ƙarshe. Iyaye da malamai suka tayar da jijiyar wuya, har aka riƙa tara mujallun ana cinna musu wuta a harabar wasu makarantu. A 1954 wani likitan ƙwaƙwalwa, Fredric Wertham, ya fitar da littafi yana ɗora wa mujallun alhakin lalacewar yara, majalisar dattawan ƙasar ta yi zama a kai, su kuma kamfanonin ɗab'i suka kafa wa kansu doka: kada a nuna mai laifi ta hanyar da za a tausaya masa, kuma dole gaskiya ta yi nasara a kowane labari. Da wannan doka aka rufe ƙofar zuciyar mugu. Ya zama dodo kawai, a nuna shi, a harbe shi.

Faransawa ne suka raɗa wa irin waɗannan labarai suna. A 1945 kamfanin Gallimard ya fara fitar da jerin littattafan laifi masu baƙin bango da ya kira Série noire. Kalmar nuwar a harshensu baƙi take nufi, daga nan ta zama sunan duk labarin da duniyarsa ta yi duhu, ɗan sanda na karɓar na goro, alƙali na da ubangida, wanda ake bi a labarin shi ma hannunsa ba tsarkakakke ba ne.

Mu kuwa ta wata ƙofa daban hotunan suka shigo mana. A 1968 kamfanin mujallar Drum ya fara fitar da African Film, mujallar da ba zane ba ce, hotunan mutane ne na gaske aka jera, aka maƙala musu magana a baki. A kudancin Afirka ake ɗaukar hotunan, a sayar daga Legas har Nairobi. Jaruminta Lance Spearman, wanda aka fi sani da Spear, baƙar fata ne mai kwat da malafa da sigari, abokin gabarsa kuma Rabon Zollo. Iyayenmu da suka yi makaranta a Kaduna da Zariya a wancan zamani har gobe suna tuna yadda kwafi ɗaya ke zagaye aji har ya yage. Kafin a daina buga ta a 1972, ta koya wa samarin birni cewa mai kama da su ma yana iya zama tauraron labari. Sai dai Spear mai farautar miyagu ne, kuma ba a taɓa tambayar abin da ke ran waɗanda yake bugewa ba.

A ƙarshen wannan shekara ta 1968, a Japan, Takao Saito ya fara zana Golgo 13, labarin wani maharbi da ake ɗauka haya. Labarin ya ɗore fiye da shekara 50, har a 2021, shekarar da Saito ya rasu, ya kafa tarihin yawan kundaye da kundi na 201. Golgo ba ya dariya, ba ya miƙa hannu a gaisa, ba ya yarda kowa ya tsaya a bayansa. Mai karatu ba ya jin tunaninsa ko kaɗan. Abin da yake gani shi ne masu zuwa neman aikinsa: gwamnatoci, kamfanoni, hukumomin leƙen asiri, attajirai. A nan labarin ya fara juya fuska daga mai bindiga zuwa mai jakar kuɗi.

To mu fa, me adabinmu ya ce game da mai kisa? Hausa ba ta rasa sunayensa ba. Akwai hauni, mai zartar da hukuncin kisa a fada, wanda ke aikinsa da rana tsaka da izinin hukuma. Akwai ɗan tauri da kirarinsa. Akwai kuma ɗan ina-da-kisa, wanda sunansa kaɗai talla ne, kamar mai yawo da haja yana neman mai saye. Amma littattafanmu na farko ba su kula shi ba. A Ganɗoki na Bello Kagara, na 1934, kisa jarumta ce ta fagen fama. A Jiki Magayi na John Tafida Wusasa da Rupert East, ɓarnar daga zuciyar da aka ƙona ta taso: an ƙwace wa Abubakar masoyiyarsa da ƙarfin dukiya, ya sha alwashin fansa, abin ya ƙare da ɗa ya kashe mahaifinsa bai sani ba. A duka biyun mai kisa yana da dalilin da ya shafe shi. Babu wanda ya kashe baƙon da bai taɓa yi masa komai ba don a biya shi.

Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ne ya sauya lissafi. Sojan Nijeriya da bai wuce kimanin dubu 10 ba kafin yaƙin ya kai wajen dubu 250 a ƙarshensa. Bindiga ta yawaita, waɗanda suka iya sarrafa ta suka yawaita, fashi da makami ya zama ruwan dare, har gwamnati ta fara harbe 'yan fashi a bainar jama'a, kamar yadda aka yi wa Ishola Oyenusi a bakin teku a Legas a 1971. Daga cikin wannan ƙura Bature Gagare ya fito da Ƙarshen Alewa Ƙasa a 1982, ɗaya daga cikin littattafan da gasar sashen al'adu na gwamnatin tarayya ta haifar, tare da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina. Tauraronsa Mailoma tsohon soja ne da ya tara gungun miyagu, ya mai da kisa da fataucin ƙwaya sana'a. A ganinmu wannan ne littafin Hausa da ya fi kusantar nuwar. Bai ɓoye mugun a bayan labule ba, shi ya sa a gaba, ya bar mu muka bi shi har ƙarshen da sunan littafin ya yi alkawari.

Littafin da aka yi fim ɗin Fincher da shi ya zo ne a 1998, lokacin da marubuci Matz da mai zane Luc Jacamon suka fara fitar da Le Tueur a Faransa, wato Makashi. Mutumin ba shi da suna. Zanen yakan nuna shi yana jira, yana cin abinci, yana kallon titi, a gefe kuma an rubuta abin da yake saƙawa. Ba nadama yake yi ba, lissafi yake yi. Yana gaya wa kansa cewa shi ma'aikaci ne kamar kowa, cewa masu sayar da makamai da masu tayar da yaƙi sun fi shi zubar da jini kuma ana yi musu fadanci, cewa da ya tara abin da zai ishe shi zai ajiye aikin ya huta a Benezuwela. Mai karatu yakan fara gyaɗa kai, sai can ya farga cewa hujjojin nan duk bargo ne mutumin ke lulluɓa da shi don ya samu barci. Ba ya iya amincewa da kowa, kuma wanda ya ba shi aiki yau shi ne zai aiko a kawar da shi gobe. Maigadin da ƙaninmu ya gani ke nan: mai tsaron dukiyar wani, wanda ba a saka shi a rabo.

Wannan ne ya sa labarin bai yi mana nisa ba. An kashe ɗan jarida Dele Giwa da bam a cikin wasiƙa ranar 19 ga Oktoba 1986. An harbe Kudirat Abiola a motarta a Legas ranar 4 ga Yuni 1996. An bi Bola Ige, ministan shari'a sukutum, har gidansa a Ibadan ranar 23 ga Disamba 2001. An harbe Sheikh Ja'afar Mahmud Adam yana limancin sallar asuba a masallacin Ɗorayi a Kano ranar 13 ga Afrilu 2007. A duk waɗannan, har yau babu hukuncin kotu da ya tsaya daram a kan wanda ya ba da umarni. Akwai hannun da ya ɗana kunama, akwai bakin da ya ce a ɗana, kuma na biyun ne kullum yake ɓacewa.

Ba sai mun je Legas ba ma. Tun siyasar NEPU da NPC a shekarun 1950 muke da 'yan banga. Yau ana kiransu 'yan daba a Kano, 'yan kalare a Gombe, sara-suka a Bauchi, 'yan shara a nan Kaduna. Mun san su. Tare muka yi allo da wasunsu, tare muka buga ƙwallo. Idan zaɓe ya ƙarato sai a zo da mota a kwashe su, a ba su abin da bai kai kuɗin buhun shinkafa ba da abin da zai gusar da hankali. Idan ƙura ta lafa, yaron yana gidan yari ko maƙabarta, mai motar kuwa yana karɓar gaisuwa a sahun gaba. Labaranmu sukan tsaya a kan yaron: ɗan iska ne, ya ƙi jin maganar iyaye, ya gamu da gamonsa. Gaskiya ne, amma rabin gaskiya ne, domin idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Akwai masu cewa shiga zuciyar makashi tallata shi ne, kuma tsoronsu ba na banza ba ne. Yaron da ya ga kwat da bindiga yana iya mance darasin ya riƙe adon. Irin wannan tsoro ne ya sa aka ƙona littattafan Hausa a Kano a 2007, ko da yake na soyayya aka fi nufa, kamar yadda aka ƙona mujallun zane a Amurka shekara kusan 60 kafin nan. Amma ƙona takarda bai taɓa rage kasuwar 'yan banga ba. Labarin da ke ruɗin yaro shi ne wanda ya nuna kisa a matsayin bajinta, ana harbi ana kiɗa. Wanda ya zaunar da shi a ɗaki ɗaya da makashin, ya ji kaɗaicinsa da rashin barcinsa da arhar ransa a wurin ubangidansa, da wuya ya sa shi sha'awar sana'ar.

Muna da masu zane a Kaduna da Kano da Zariya, muna da marubutan da dubban mutane ke bin labaransu a WhatsApp da Wattpad, kuma waya ta ɗauke mana tsadar takarda da tawada. Abin da ya rage shi ne wani ya ɗauki yaron layinmu, ya zana shi a daren da aka ba shi suna da kuɗin kafin alƙalami, ya bar mu mu ji abin da yake gaya wa kansa a kan hanya. Sa'an nan ya juya shafi, ya zana mana fuskar wanda ya aike shi. Allah ya shirya mana zuri'a, ya kare mu daga ɗaukar alhakin jini.