3.2 Zaɓen Itacen Ƙotar Bindiga a Turai da Amurka: Tsakanin Ƙarfi da Kyau

Wannan sashe zai yi tsokaci a kan dalilan da suka sa masu ƙera bindiga suka fifita wani itace bisa wani wajen sassaƙa ƙota, wato gindin da maharbi ke dangana wa kafaɗarsa.

Tun ƙarni na 17 itacen walnat ya yi fice a wannan sana'a. Dalili kuwa shi ne yana da ƙarfi ba tare da nauyi ainun ba, yana jure jijjigar harbi, kuma ba ya saurin tanƙwarewa idan ya bushe sosai. Sai dai itacen da ya fi zane mai ɗaukar ido, wanda ake samu kusa da saiwa ko inda reshe ya rabu, jijiyoyinsa a murɗe suke. Idan murɗin ya faɗo a wuyan ƙota, inda ta fi siranta, tana iya tsagewa. Saboda haka gwanaye kan bar zanen a faffaɗan gindi, su tabbatar jijiyar wuya ta tafi miƙe.

Yaƙe-yaƙen duniya ne suka sauya wannan ma'auni. Walnat kan ɗauki shekaru masu yawa kafin ya isa sara, ga shi kuma ana buƙatarsa wajen yin farfelar jirgin sama. A 1918 ƙarancinsa ya kai har Shugaba Woodrow Wilson ya nemi yara 'yan sikawut na Amurka su zaga ƙasar suna ƙidaya itatuwansa. A ƙarshen shekarun 1930 Jamus ta koma ga siraran falankan itacen bic da ake mannawa da gam domin bindigarta Kar98k. Wannan ƙota ta fi nauyi, ba ta da kyan gani, amma laima ba ta karkatar da ita. Ingila ma ta yi amfani da bic a bindigar Lee-Enfield lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Tarayyar Sobiyat kuma ta ɗauki dabarar manne falanki a bindigar AKM ta 1959.

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa wadatar itace da buƙatar yaƙi su ne suka rinjayi kyau a bindigar soja. Da Amurka ta kawo M16 mai ƙotar roba a shekarun 1960, walnat mai zane ya koma kayan ƙawar bindigar farauta ta masu hali.