Fitsarin Jini a Birnin Katsina: Daga Tsargiyar Kududdufi zuwa Binciken Farfaɗo da Mafitsara

Tarihin ciwon mafitsara a birnin Katsina yana haɗe da tarihin ginin birnin kansa, domin ƙasar da aka yi ganuwa da soraye da katangun gidaje da ita daga cikin gari da gefensa aka haƙo ta, ramukan da aka bari kuwa suka zama kududdufai masu tara ruwan damina har a shiga rani. A irin wannan ruwa mai kwanciya dodon koɗi yake hayayyafa, shi ne kuma yake rainon tsutsar tsargiya, wadda take huda fatar yaron da ya shiga wanka ko kamun kifi, ta zauna a jijiyoyin da ke kewaye da mafitsara, ƙwayayenta su riƙa yaga bangon mafitsarar har a ga jini a ƙarshen fitsari. Saboda yawan cutar a tsakanin yara maza, wasu iyaye sun ɗauke ta alamar balaga, masu maganin gargajiya kuwa sukan ba da jiƙon sassaƙe da saiwoyi, kuma ma'aunin warkewa a wurin kowa shi ne jinin ya ɗauke.

Likitancin zamani ma ya daɗe a kan wannan ma'auni. A 1851 Theodor Bilharz ya gano tsutsar a Alƙahira, a 1915 Robert Leiper ya tabbatar da cewa ta jikin dodon koɗi take bi, sannan a 1918 aka fara yi wa masu cutar allura a Khartum. A shekarun 1970, masu bincike daga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da makarantar cututtukan ƙasashe masu zafi ta Libaful sun bi diddigin tsargiya a Malumfashi, kudancin ƙasar Katsina, a daidai zamanin da aka samar da firazikwantel, ƙwayar da ake raba wa 'yan makaranta a yau. Sai dai kashe tsutsa ba ya nufin mafitsara ta koma yadda take, domin ciwon da ya daɗe yakan bar tabo mai tauri wanda ke hana ta miƙewa, wani lokaci ma ya zama mafarin sankara.

Tambayar yadda za a gyara irin wannan ɓarna ta ƙara fitowa fili da aka gane cewa magani ma yana iya ƙona mafitsara. Saikulofosfamid, maganin sankara da aka haɗa a Jamus a ƙarshen shekarun 1950, yana rikiɗa a jiki ya fitar da sinadarin akurolin, wanda ke taruwa a fitsari ya saɓule shimfiɗar cikin mafitsara, abin da ya sa ake haɗa shi da mesna, maganin da ke kashe kaifinsa. Masana sun mayar da wannan illa hanyar nazari, inda suke yi wa ɓeraye allurar saikulofosfamid har mafitsararsu ta kumbura, sannan su zuba musu ƙwayoyin halitta na asali, wato waɗanda ake samu daga ɓargo ko kitse kuma suke taimaka wa nama ya sabunta kansa. A gwaje-gwaje da dama kumburin ya ragu, shimfiɗar ta fara tsirowa, yawan fitsari kuma ya lafa, ko da yake sakamakon ɓera mataki ne na farko kafin a kai ga ɗan Adam.

Amfanin wannan bincike ga Katsina a bayyane yake, domin Asibitin Koyarwa na Tarayya da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa suna zaune ne a tsakiyar al'ummar da ta gaji tsohon ciwon kududdufi, take kuma karɓar magungunan sankara na zamani. Dattijon da ya yi tsargiya yana yaro da majinyacin da ke karɓar allura a yau buƙatarsu ɗaya ce, wato mafitsarar da za ta iya riƙe fitsari ba tare da zafi ba bayan jinin ya ɗauke.