Jinin Istihala a Ƙasar Ƙaraye, Daga Zauren Malam Zuwa Ƙofar Asibiti

Tun zamanin da littattafan fiƙihun Malikiyya suka zauna da gindinsu a zaurukan ƙasar Kano, babu wata mas'ala ta mata wadda malamai suka tsefe, suka ƙididdige kwanakinta ɗaya bayan ɗaya, kamar mas'alar jini, domin kuwa a kanta salla take rataye, da azumi, da idda, da halaccin kusantar miji. Duk almajirin da ya karanta Ahalari a Unguwar Hajji, ko cikin garin Ƙaraye, ko Rogo, ya san an kasa mata kashi uku, wato mai farawa, da wadda ta saba, da mai ciki. Ya san mafi yawan haila ga mai farawa kwana 15 ne, wadda ta saba kuwa idan jini ya zarce mata al'adarta sai ta ƙara kwana 3 muddin ba ta haye 15 ɗin ba, jinin biƙi kuma iyakarsa kwana 60. Abin da ya ƙetare wannan haddi shi ne istihala, jinin ciwo, wanda mai shi za ta yi wanka ta ci gaba da ibadarta. Asalin hukuncin kuwa sananne ne, daga tambayar da Faɗimatu 'yar Abu Hubaishi ta yi wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kuwa bayyana mata cewa wata jijiya ce take zubar da shi, ba haila ba ce.

Wannan ilmi bai tsaya a zaure ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zargi malaman zamaninsa da suke karantar da almajiran waje, alhali sun bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilcin tsarki da salla, 'yarsa Nana Asma'u kuma ta kafa 'yan taru, jajoji suna ɗaukar karatu suna kai wa matan ƙauyuka. Albarkacin irin wannan himma, har yau macen da ba ta iya rubuta sunanta ba tana iya lissafa maka kwanakin fashin sallarta ba tare da ta yi tuntuɓe ba. Sai dai fa malamai sun amsa tambayar da aka yi musu ne, ita ce ta ibada. Sun ce jinin ciwo ne, amma wane ciwo, mene ne sababinsa, ina maganinsa, wannan duk an bar wa cikin gida.

Cikin gidan kuwa yana da nasa ma'abota sani. Akwai ungozoma, wadda ita ta yanke cibiyar rabin unguwa, akwai 'yar mai ganye da ƙullin sassaƙe da saiwoyi, akwai wanzami, akwai masu bori, ga kuma rubutun sha daga wurin malam. Idan jini ya ƙi tsayawa, sai a dafa bagaruwa a sirka, mace ta zauna a ciki, a haɗa mata jiƙo, a dama mata kunu, ita kuwa ta wanke ƙunzugunta da dare ta shanya a ƙuryar ɗaki, don kada ido ya gani. Wani abin ya yi amfani, wani bai yi komai ba, wani kuwa, kamar yankan gishiri, ya jawo wa mata yoyon fitsari da zubar jinin da ya fi na farko. Wanda yake son ya ga yadda duniyar matan wannan yanki take a zamanin da, sai ya nemi labarin Baba ta Karo, wadda ta tashi a wajen Zarewa ta ƙasar Rogo, ta ba wata marubuciya mai suna Mary Smith tarihin rayuwarta a Giwa tsakanin 1949 da 1950, aka buga shi a 1954. Ita Baba kanta Allah bai ba ta haihuwa ba, amma labarinta cike yake da ƙawaye, da gudummawar biki, da riƙon 'ya'yan dangi. Abin lura a nan shi ne, ba a biyan ungozoma kafin ta taɓa mace. Ladanta hatsi ne, da goro, da rabonta na naman suna, wanda ba shi da shi yau kuma a jira shi zuwa kaka.

Akwai wata magana a littafin Muhtasar na Halilu wadda ya kamata a faɗe ta a fili. Da yake lissafa nafaƙar da ta wajaba a kan miji, ya kawo ci da sha da tufafi da ladan ungozoma, amma ya cire kuɗin magani da na ƙaho. A zamanin da magani yake ganye ne a bayan gari, wannan hukunci bai cuci kowa ba. Yau kuwa da magani ya koma kuɗi tsaba, malamai da dama sun tafi a kan cewa jinyar mace ta shiga cikin zama da alheri da Alƙur'ani ya yi umurni da shi, kuma urfi ya wajabta ta. Ni dai a ganina mijin da ya fake da wancan nassi, matarsa tana zubar da jini wata da watanni, bai fahimci Halilu ba, bai kuma ji tausayin amanar da aka ba shi ba.

Asibitin birnin Kano, wanda yanzu ake kira Asibitin Murtala Muhammad, an buɗe shi a ƙarshen shekarun 1920, En'e kuma ta bi gundumomi da ɗakunan shan magani, ana ɗaukar nauyinsu daga baitulmali. Sannu a hankali mata suka fara zuwa, duk da kunyar buɗe sirri ga namiji baƙo. Amma daga 1986, da tsarin tsuke bakin aljihu na mulkin Babangida ya shigo, sannan aka yi yarjejeniyar Bamako a 1987 wadda ta kawo sayar da magani domin a juya kuɗinsa, sai kati da allura da awo duk suka zama na biya. An yi dokar inshorar lafiya ta ƙasa a 1999, ta fara aiki a 2005, galibin waɗanda suka mora kuwa ma'aikatan gwamnatin tarayya ne. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya domin ƙananan asibitoci da marasa galihu, Jihar Kano ta kafa hukumarta ta taimakekeniyar lafiya da dokar 2016, a 2022 kuma aka wajabta inshorar a kan kowa. Duk da haka, fiye da kashi 70 cikin ɗari na abin da ake kashewa a kan lafiya a Nijeriya daga aljihun majinyata yake fita. Matar manomi a Unguwar Hajji ba ta da albashin da za a yanka. Abin da ta dogara da shi kwasar adashi ne, ko akuyarta, ko kwanukan jerenta, shi ya sa take tura yaro kemis a haɗo mata ƙwayoyi, ta bar asibiti sai abin ya ci tura.

Alhali kuwa abin da fiƙihu ya tara a ƙarƙashin suna guda, likitoci sun same shi illoli ne daban-daban. Wani rikicewar sinadaran jiki ne kawai, irin wanda yake samun budurwa a farkon balaga, da mai shayarwa, da wadda al'ada take shirin ɗauke mata, ko wadda ta yi allurar tazarar haihuwa ko aka sa mata ashana a dantse. Wannan sau da yawa yakan daidaita, ko a canza mata hanya. Wani kuwa ɓari ne da bai gama fita ba, ko cikin da ya zauna a wajen mahaifa, wanda idan ya fashe yana iya halaka mace cikin sa'o'i. Wani ƙari ne a mahaifa, wani ciwon sanyi, wani kuma sankarar bakin mahaifa, wadda aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafinta kyauta a Nijeriya a watan Oktoba na 2023. A nan ma akwai wurin taka-tsantsan, domin mazhabarmu ta yarda mai ciki tana iya yin haila, sai mace ta ga jini da ciki wata uku ta ajiye salla ta zauna, alhali hukuncin sallarta daban, hatsarin da take ciki daban.

Saboda haka, ya 'yan'uwa magidanta, da ku iyayenmu mata, da malaman da ake kawo wa tambaya a asirce: idan jini ya zo wa mai ciki, ko bayan saduwa, ko bayan al'ada ta ɗauke da shekara guda, ko ya yi yawan da ƙunzugu yake jiƙewa kowace sa'a, ko mace ta fara jiri idonta ya yi fari, to bayan an faɗa mata hukuncin ibadarta a ce da ita ta tafi asibiti a ranar. Awon fitsari na gane ciki da awon yawan jini ba su kai kuɗin buhun taki ba, ana kuma fara su a ƙaramin asibiti mafi kusa kafin a tura mace Ƙaraye ko Kano. Ku tambayi ma'aikatan wurin yadda ake shiga rajistar taimakekeniya da ta marasa galihu tun ana lafiya, ku kuma riƙe kuɗin mota a gefe domin wannan larura.