Kifi a ƙasar duwatsu: tarihin tabkunan Adar

Idan ana zancen kiwon kifi da kare albarkatun ruwa, hankali kan tafi bakin teku. Mu a Adar ba mu da teku, gaɓarmu ita ce bakin tabki. Duk da haka ina ganin tarihin Keita, Buza da Madawa ya isa a saurare shi.

Kakanninmu sun san kifi, amma ba a matsayin sana'a ba. Ruwan Majiya na damina ne, ya zo da ƙarfi ya wuce. Abin da ke saura a fadamu shi ne tarwaɗa da gaiwa, wadda ke shiga laka ta jira shekara ta zagayo. Mai son kifin kirki sai ya nemi busasshe a kasuwa.

Farin shekarun 1970 da na 1984 ne suka sauya lissafi. Tuddai sun zama fako, ruwan sama na gangarowa da yashi yana cinye gonaki. A 1975 ƙungiyar CARE ta fara dasa layukan bedi a kwarin Majiya, yankin Buza, don karya iska. A 1984, shekarar da aka yi babban taron Maraɗi kan gurgusowar hamada a zamanin Seyni Kountché, aka buɗe furojen Keita da kuɗin Italiya da jagorancin FAO. Mata ne suka fi yawa a aikin, suna ɗaukar dutse a ka, ana biyansu da abinci. An farfaɗo da fiye da hekta 30,000, an dasa itatuwa kusan miliyan 18, an kuma gina madatsun ruwa da dama. Daga baya aikin ya faɗaɗa zuwa Buza da Abalak.

Ba don kifi aka gina madatsun ba. An yi su ne don rage ƙarfin ruwa, a shayar da dabbobi, a yi noman rani. Da ruwa ya fara kwana watanni, sai aka zuba 'ya'yan kifi, galibi karfasa da tarwaɗa. Ba kiwon kwami ba ne da ake sayen abinci a buhu. Tabkin ne ke ciyar da su. Tabalak, makwabciyarmu, ta nuna iya inda abin kan kai: masunta na zuwa daga nesa, kuma a 2005 ta shiga jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar.

Abin da na fi lura da shi shi ne kifi ya zama ma'aunin lafiyar tudu. In aka sare itacen sama, aka bar jerin duwatsu ya rushe, yashi zai cike tabki. Zurfi ya ragu, ruwa ya yi zafi, ya ƙafe kafin kifi ya girma. Masunci ne ke fara ganin asarar, tun kafin manomi ya ankara. A wasu ƙasashen Asiya an sare dazuzzukan bakin teku don haƙa kududdufan jatan lande. Mu a nan sai an raya daji kifi ke samuwa.

Matsalar ita ce ruwa ɗaya ne, masu buƙata uku. Mai albasa, a Madawa da sauran wurare, na jan ruwa da injin, makiyayi na neman mashaya, masunci na son a bar zurfi. Dokar karkara ta 1993 da dokar kamun kifi ta 1998 sun shimfiɗa ƙa'idoji, kuma a 2004 aka zaɓi majalisun ƙananan hukumomi. Amma doka ba ta yashe tabki, ba ta hana mai taru mai ƙananan idanu kwashe 'ya'yan kifi da dare.

Shawarata ga magadan gari da kwamitocin ƙauye: kuɗin da ake karɓa a hannun masunta, a ware wani kaso don gyaran tuddan da ke zuba ruwa a tabkin, a kuma tsayar da lokacin hutun su. Matan da suka ɗauki dutse a 1984 sun yi nasu, saura mu riƙe abin da suka bari.