Daga Kulki Zuwa Rigar Sulke

Tsofaffin da muka tarar a aikin ɗan sanda sun ga zamanin 'yan dokan En'e, kafin gwamnatin Gowon ta haɗe su da 'yan sandan tarayya a ƙarshen shekarun 1960. Kulki ne makaminsu. Abin da ke tsare ɗan doka a kasuwar Dabai shi ne kowa ya san gidansu, kuma wanda ya ɗaga masa hannu da sarki zai gamu. Ko a namu zamanin, bayan ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991, yawancin ƙarar da ke zuwa caji ofis ba ta wuce satar akuya da rikicin iyakar gona.

Horon kama ɓarawo aka ba mu. Sai ga 'yan bindiga daga dazukan Zamfara da Neja, bibbiyu ko uku-uku a kan babur, kowa da AK-47.

A Afrilun 2021 aka yi wa DPO na Sakaba kwanton ɓauna, ya rasu tare da 'yan sanda takwas. Ranar 8 ga Maris 2022, a Kanya ta Danko-Wasagu, aka afka wa tawagar mataimakin gwamna na lokacin, Samaila Yombe Dabai, tsohon kanar kuma ɗan garin nan na Dabai. Shi ya tsira, amma sojoji 13 da 'yan sanda 5 ba su dawo ba. Kwana biyu kafin nan aka kashe 'yan sa-kai fiye da 60 a yankin Sakaba.

Tun 2019 aka kafa asusun tallafa wa 'yan sanda, kuma ba na raina kayan aiki. Sai dai wanda bai taɓa zama a bayan Hilux ba, kan bencin nan da ake jingina baya da baya, bai san yadda mutum yake a fili ba. Rigar sulke kuwa ƙirji da baya kawai take rufewa, ga nauyi. Da zafin bazara za ka ga kurtu ya kwance ta ya ajiye gefen ƙafarsa. Motar sulke, in damina ta zauna, fadama ɗaya ta ishe ta.

A ganina labari ya fi sulke ceton rai. Manomin da ya hangi ƙurar babura ya buga waya, ya ceci mota guda. Matsalar ita ce 'yan bindigar ma suna da infoma, wani lokacin a bakin tasha, yana ƙirga mu muna fita. Shi ya sa masu hankali cikinmu suka daina sanar da hanyar da za a bi sai an tayar da mota.