Aikin Sulhu Cikin Tarihin Ikilisiyarmu

A wannan biki na cika shekara hamsin muna gode wa Ubangiji wanda ya riƙe mu a Janbako da kewaye. A makarantar Littafi Mai Tsarki an koya mana tsarin sulhu daga Matiyu sura 18: ka fara samun wanda ya yi maka laifi ku biyu kaɗai, in bai ji ba ka tafi da shaidu, daga baya a kawo maganar gaban jama'a. Mun haddace shi don jarrabawa. Ƙasar nan ce ta koya mana aiki da shi.

A 1980 manoman da madatsar ruwan Bakolori ta raba da gonakinsu suka tare hanyoyi saboda kuɗin diyya. A watan Afrilu 'yan sanda suka afka musu, rayuka da yawa suka salwanta. Daga nan muka gane cewa kukan da ba a saurara da wuri ba yakan ƙare da jini. Saboda haka idan shanu suka shiga gonar ɗan ikilisiya, dattawa sukan nemi makiyayin tukuna, sa'an nan ardo da mai unguwa, a auna ɓarna, a biya.

Da Gwamna Ahmad Sani ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau cikin Oktoba 1999, tsoro ya kama mu. Wasu suka tashi. Mu da muka zauna ba mu daina zuwa suna da gaisuwar mutuwa a gidajen maƙwabtanmu Musulmi ba. A Agusta 2016, da aka kashe mutum takwas a Talata Mafara kan zargin saɓo, wannan zumunci ne ya ba mu ƙofar da za mu ƙwanƙwasa, muka kuma hana samarinmu ramuwa.

Ba mu ce mun iya kome ba. 'Yan bindiga, irin waɗanda suka sace 'yan matan makarantar Jangebe a Fabrairu 2021, sun fi ƙarfin zaman dattawa. Duk da haka ba mu yarda a ɗora laifin ɓarayi kan kowane Bafulatani ba.

Matasa, kada ku jira ranar tashin hankali kafin ku san maƙwabcinku. Allah na salama ya kiyaye mu duka. Amin.