Tarihin Waƙar Kwaya a Ƙasar Hausa

Kwaya ita ce ƙungiyar mawaƙa da ke rabuwa gida huɗu, biyu na mata ko yara, biyu na maza, kowane gida na bin nasa karin murya, amma su haɗu su tashi da waƙa guda. Bahaushe ya daɗe da sanin waƙar taro, sai dai tasa ta jagora ce da 'yan amshi, irin ta Narambaɗa da Shata. Jera muryoyi huɗu a kan juna kuwa baƙo ne, daga Turai ya zo.

Asalin wasu daga cikin karin da kwaya ke rerawa na manyan mawallafan kiɗan Turai ne. Handel ya tsara Messiah a 1741, aka fara rera shi a Dublin a 1742. Haydn ya yi wa sarkin Ostiriya take a 1797, Beethoven kuma ya fito da babban kiɗansa na tara a Viyana a 1824. An yi Messiah da kiɗan Beethoven ne domin ƙwararru da tarin kayan kiɗa. Daga baya aka yanko sassan da suka fi shiga kunne, aka sauƙaƙa su, aka ɗora musu baitocin coci, har ya zama 'yan makaranta ma na iya ɗauka.

Abin da ya kai su ƙauye shi ne solfa. Wata malama a Norwich ta Ingila, Sarah Glover, ita ta fara tsara hanyar, sannan John Curwen ya gyara ta ya yaɗa ta tun daga shekarun 1840. Maimakon zanen kiɗa mai wuyar karantawa, sai a rubuta haruffa: d, r, m, f, s, l, t. Allo da alli sun isa. Malamin da bai taɓa ganin piyano ba yana iya koyar da muryoyi huɗu a ƙarƙashin bishiya, kuma wannan dabara ta cancanci yabo fiye da yadda ake ba ta.

'Yan mishan ne suka shigo da ita Arewa. Dakta Walter Miller ya zauna a Zariya tun 1905, mishan ɗinsa ta koma Wusasa a 1929, an kuma buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Littafin Waƙoƙi, wanda ya tattara waƙoƙin Turai da aka mayar Hausa, ya shiga majami'u daga Jos har Garkida. A gabas kuwa, jirgin ƙasa ya isa Nguru a 1930, ya kawo ma'aikata da 'yan kasuwa daga Kudu, su ma da nasu waƙoƙin ibada.

Sai dai akwai inda aka yi karo. Hausa harshe ne mai karin sama da na ƙasa, da dogon wasali da gajere. Karin Bature bai san da wannan ba: yakan ja gaɓar da ya kamata a taƙaita, ya ɗaga wadda ya kamata ta sauka, har kalma ta fita daga kamanninta. Mata ne suka fi warware matsalar. 'Yan Zumuntar Mata suka riƙa ƙirƙirar nasu waƙoƙi bisa karin harshen, da tulu da kacau-kacau da amshi, suka mayar da abin na gida.

A makarantun gwamnati kuwa, waƙar da ta fi kusa da wannan tsari ita ce taken ƙasa. Benedict Odiase na ƙungiyar badujalar 'yan sanda ne ya yi karin taken 1978, kuma a watan Mayun 2024 aka dawo da na 1960, wanda Frances Berda ta yi wa kari. Shi yara ke rerawa a layin safe yanzu.